Shekarar da Aka Huda Sisin Gwal

Tun da muka binne babanku ban huta da zancen zinare ba. Iliya ya kira ni daga Kaduna, ya yi ta jan gaisuwa kamar mai neman aure, ya tambayi ƙafata, ya tambayi awaki, sannan ya ɓullo ta bayan gida yana tambayar wai ina gwangwanin nan na Baba. Ke kuma Talatu, da kika zo zaman makoki, sai da kika ɗaga katifata wai kina gyara mini gado. Ni ba yarinya ba ce, na san mai gyaran gado, na san mai bincike. Na kuma ji abin da gwaggonku Hannatu take yaɗawa a zumuntar mata, cewa ni na sa aka huda wa ƙaninta zinarensa saboda kwaɗayin ado, har baƙin ciki ya rage masa kwana. Mutumin da ya daɗe bayan haka yana cin tuwona yana neman ƙari. To, tunda kowa ya faɗi nasa, ni ma zan faɗi nawa, kuma ni ina wurin aka yi.

Babanku Malam Bitrus malamin gona ne, a Ikara ya yi yawancin aikinsa, yana bin ƙauyuka a kan babur daga Janfalan har inda hanya ta ƙare. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya bin mata. Sau da yawa nakan ce da ma ɗaya daga ciki yake yi, da na san inda zan kai ƙara, domin Fasto ya san abin da zai gaya wa mashayi, amma me zai gaya wa mutumin da ya kamu da son gwangwani? A yawon ƙauyukan nan ne ya fara ganin sisin gwal a wuyan tsofaffi. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba: tsohon kuɗi ne na zinare, irin wanda alhazan da suka tafi Makka a ƙasa suke dawowa da shi, su ba matansu, a kai wa maƙeri ya huda, a zira zare a rataya. Duk macen da ta samu haka take yi, kuma haka hankali ya ce a yi. Shi kuwa babanku wanda ba a huda ba yake nema, wanda ba a goge ba, wanda ya kwana a ƙasan tukunya tun zamanin kakanni babu wanda ya more shi. Ya sayo wani tsohon littafi mai hotuna a Zariya, daga nan ya zama malamin abin da babu wanda ya tambaye shi.

Duk tsawon aikinsa abin da ya tara bai kai goma ba, amma kowane ɗaya na san abin da ya cinye mana. Akwai wanda ya ci kwanon da za mu rufa ɗakin baya. Akwai wanda ya ci keken ɗinkin da ya yi mini alkawari tun Talatu tana goye. Yana ajiye su a gwangwanin alewa, kowanne naɗe cikin auduga kamar jariri bakwaini. Ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗauko matsefata da ya naɗe wa baki da auduga, da wani gilashi mai mariƙi da ke ƙara wa abu girma, ya zauna yana kallon gemun wani sarkin Turawa har abinci ya huce. A bayan wasunsu akwai mutum bisa doki yana sukar wani dodo. Wata rana na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya in gani da kyau, sai ya riƙe mini hannu.

"Saratu, kada ki taɓa. Gumin hannu yana cin sa."

"Hannun da ke tuƙa maka tuwo?"

"Tuwo daban, wannan daban. Kin ga gashin nan na kansa? Kowane sili yana nan. Da zarar ya shafe, darajar ta tafi."

"To wa zai biya ka kuɗin gashi?"

"A ƙasar waje, wannan ɗaya kaɗai sai ya sayi gidan nan."

"Malam, wa ka sani a ƙasar waje?"

Sai ya ƙara sunkuyawa kan gilashi. Haka yake yi in an kama shi. Ni kuma daga ranar ban sake miƙa hannu ba, kuma ban manta ba.

Da ya yi ritaya muka dawo Likoro, gidan mahaifinsa. Abin da ke riƙe da gidanmu ba fansho ba ne, domin fansho tana zuwa ne in ta ga dama. Fadamar rake ce da ya gada, wadda sunanta tasa amma wahalarta tawa. Ni nake neman 'yan ƙwadago, ni nake tsayawa a kan ban ruwa, ni nake kai raken wurin injin matsewa, in tsaya gaban wuta ina juya ruwan har ya yi kauri, a zuba a tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila, in ɗora a mota zuwa kasuwar Makarfi. Da ita kuka yi makaranta. Iliya, kai kana shekarar ƙarshe a lokacin, kana aiko saƙo kowane wata wai an ce a kawo kaza an ce a kawo kaza. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kan fadamar nan yake.

A shekarar da aka biya shi garatuti, kuɗin sallamar aiki, na riga na gama lissafin abin da za mu yi: mu sayi namu injin matse rake, in huta da bin layi a injin mutane. Shi ma ya yarda, har mun je mun taya. Sai ga Sale maƙerin zinare na Makarfi, wanda ya daɗe yana yi masa dillancin irin waɗannan abubuwa, ya iso gidanmu da hantsi. Tun daga yadda ya tsawaita gaisuwa na san ba alheri ya kawo mini ba. Ya ce akwai wata tsohuwa a Nasarawan Doya, Hajiya Indo, tana da sisin gwal da kakanta ya zo da shi daga gabas. Ba mai kan sarki ba ne, rubutun Larabci ne gaba da baya, na sarkin Santambul. Ba a taɓa huda shi ba, domin kakan ya mutu kafin ya yanke shawarar wadda zai ba, aka yi ta gadonsa ana jin tsoron taɓawa. Yanzu tsohuwa tana so ta sayar ta haƙa wa unguwarsu rijiya sadaka kafin ta koma ga Allah. Babanku ya tashi ya ɗauko littafinsa, ya buɗe wani shafi ya nuna. Sale ya ce shi ne. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu, na ji injin rakena ya tashi sama.

Muka tafi tare, ba don yana son rakiyata ba. Gidan Musulmi ne masu tsare al'ada, namiji baƙo iyakarsa zaure, dole a samu mace ta shiga ta gaida tsohuwa. Ɗanta, wani dattijo mai suna Malam Haruna, ya shimfiɗa musu tabarma, aka fito da abin a cikin faifai, ƙulle a tsumma. Na ɗan tsaya na gani kafin in shige. Ni dai abin da na gani wani ɗan faifan ƙarfe ne mai duhu-duhu, ko ƙyalli ba ya yi. Babanku kuwa ya durƙusa a kansa da gilashi, ya daina numfashi, har Malam Haruna ya tambaye shi ko lafiya.

A ciki na tarar da Hajiya Indo zaune kan buzu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi mutanen Likoro ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da mutuwa. Ta sa aka dama mini fura. Tana magana tana kallon wuyana, wanda babu komai a kansa sai wata tsakiyar roba da na saya a kasuwa. Can ta ce:

"'Yata, shekarunku nawa da aure?"

Na ce, "Mun daɗe, Hajiya. Har mun aurar."

"Sai yanzu ya tuna da wuyanki. To, gara yanzu da babu. Ke za a saya wa ke nan?"

Nan ne wurin da gwaggonku take cewa na yi ƙarya. Ban yi ba. Sunkuyar da kai na yi, ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ku gaya mini me zan ce. In buɗe baki a gidan mutane, gaban tsohuwar da ta haife ni, in ce a'a Hajiya, mijina gwangwani yake saya wa? In tona masa asiri a garin da ba a san mu ba, a ce ga matar da mijinta ya fi son alewar ƙarfe a kanta? Mace ba ta yin haka, ko da ranta yana tafasa, kuma nawa yana tafasa. Tsohuwa ta ga na sunkuya, ta yi dariya ta ce kunya ce, ta ce Allah ya bar mu tare. Na ce amin. Ko gobe aka sake yi mini wannan tambayar a wannan wurin, shirun nan dai zan yi.

Kafin in fito an gama ciniki an sallama. Tsohuwa ta saka kuɗin abinta daidai da abin da rijiya za ta ci, babanku ko tayi bai yi ba. Mutumin da yake ja-in-ja da mai tumatir a kan ƙwaya ɗaya. Ya ba da garatutinsa gaba ɗaya kafin alƙalami, ya ce zai kawo ciko. A kan hanyar dawowa ina bayan babur na tambaye shi ina cikon zai fito. Ya yi kamar iska ta hana shi ji. Sai da na daki bayansa sannan ya ce zai jinginar da fadama wurin Garba mai injin rake, na ɗan lokaci kaɗan, kafin bashin fanshonsa ya fito.

Na ce ya tsaya. Na sauka a bakin hanya, kusa da wata gonar dawa, na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba tun da aka ɗaura mana aure. Na ce raken da ke tsaye a fadamar nan ni na dasa shi, ya kusa sara. Na ce yaronmu yana makaranta. Na ce wanda ya jinginar da gona yana jiran fansho, ya sayar ne bai sani ba. Ya tsaya yana murza hular kwanonsa, ya bari na gama tas, sannan ya ce:

"Saratu, irin wannan sau ɗaya mutum yake gani a rayuwarsa."

Na ce, "Fadama ma sau ɗaya ubanka ya bar maka."

Ya ji zafin maganar, na gani a fuskarsa. Amma washegari ya tafi wurin Garba. Aka yi sharaɗi gaban shaidu: Garba zai ci fadama da abin da ke cikinta har a mayar masa da kuɗinsa, in kuwa sara biyu suka wuce ba a fansa ba, zai cika ɗan abin da ya rage ta zama tasa. Ni ba a kira ni ba. A bakin matar Garba na ji, a wurin niƙa.

Ranar karɓo kaya babanku ya sa rigarsa ta Kirsimeti. Ya tanadi sabuwar auduga da wani ɗan akwatin ashana da ya shafe kwanaki yana gyarawa. Tun kafin mu isa ƙofar gidan muka hango tulin jar ƙasa da mutane suna jan guga, an riga an fara haƙa rijiya da kuɗin da ya bayar. Malam Haruna ya karɓi ciko, ya yi godiya, ya yi addu'a. Babanku yana ta leƙen ƙofar cikin gida yana jiran faifai. Sai Malam Haruna ya ce Hajiya ta ce ba za a fito da shi a faifai ba, maiɗakin babanku ta shigo ta karɓa da kanta.

Na shiga. Bayan gaisuwa tsohuwa ta ce in matso in juya mata baya. Na ji yatsunta masu sanyi a ƙeyata, ta kwance tsakiyar robar nan ta ajiye gefe, ta ɗaura mini wani abu. Da na duba ƙirjina sai na ga wani abu yana walƙiya kamar an kunna fitila. Sisin gwal ne, an wanke shi tas, an huda shi daga sama, an zira masa ɗan zobe da baƙin zare mai ƙarfi.

"Ba a ba mutum kaya da dauɗa," in ji ta. "Na aika wa maƙerinmu ya dirje shi da toka da lemon tsami, ya huda miki. Kuɗin aikin ni na biya, wannan gyara ce daga gare ni. Kada ki ce komai. Mijinki bai taya ba, ni ma ba zan bari ya fi ni kirki ba."

Na kai yatsa na shafa hujin. Na san abin da huji yake nufi a wurin babanku, shekara da shekaru ina jin wa'azinsa. Amma zan faɗa muku gaskiya tunda na ɗauki alƙalami: ban taɓa jin nauyin zinare a fatata ba sai ranar, kuma ya yi mini daɗi. Na yi godiya yadda ya kamata. Ta sa jikokinta mata suka rako ni har bakin zaure suna guɗa ƙasa-ƙasa.

Na daɗe da zama da babanku, na ga fuskarsa ranar da mahaifiyarsa ta rasu, na ga fuskarsa ranar da ƙanƙara ta kwantar mana da masara. Ban taɓa ganin irin ta wannan rana ba. Yana zaune da akwatin ashanarsa a buɗe a tafin hannu, ya ɗago kai, idonsa ya sauka a ƙirjina ya tsaya. Malam Haruna kuwa murna yake yi, yana cewa ai Hajiya ta ce a yi masa bazata, ya ga yadda ya fito? Da ba a wanke ba wa zai san haka yake da kyau? Daga waje ana jin ƙarar diga a cikin rijiya. Me babanku zai ce? Ya ce wa dattijo uwarka ta lalata mini kaya da alherinta? Ya ce a mayar masa da kuɗin da ya riga ya zama rami? Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya rufe akwatin ashana, ya ce:

"Madalla. A yi wa Hajiya godiya. Allah ya ba da ruwa mai daɗi."

Muka hau babur muka koma Likoro. Da muka shiga ɗaki na kai hannu zan kwance in ba shi, ya ce in bar shi, ba ya son ganinsa. Ya tambaye ni me na gaya wa tsohuwa. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya ce da na buɗe baki na faɗi gaskiya da duk haka ba ta faru ba. Na ce da ya kasance irin mijin da ba a jin kunyar faɗin gaskiyarsa, da na faɗa. Muka yi makonni ba ma magana sai ta dole. A lokacin ne ya je ya yi wa yayarsa kuka, ita kuma ta ɗauki rabin labari ta riƙe har yau.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Garba ya sare raken da na dasa da hannuna, ina tsaye ina kallo ana lodawa. Don kada in rasa masu sayen mazarƙwailata a Makarfi, sai na koma ina sayen rake a wurinsa. Rakena, daga fadamata, ina biya, yana kuma yi mini tsada, yana cewa bana rake ya yi kyau. Ai na san ya yi kyau, ni na ba shi taki. Na sayar da awakina biyu na aika maka, Iliya, kai kana can kana ƙorafin kuɗin sun yi kaɗan. Bashin fansho kuwa, babanku ya yi ta zarya zuwa Kaduna har takalminsa ya cinye, kullum a ce ya dawo. Sara na farko ya wuce. Garba ya fara kewaye fadama da ƙaya, ya dasa mangwaro a kan iyaka. Wanda zai mayar da gona ba ya dasa itace a cikinta.

Ban roƙi babanku ya sayar da gwangwaninsa ba, kada wani ya gaya muku haka. Abin da na yi kawai, ranar da na ga mangwaron nan na zo na gaya masa, na ƙara da cewa kabarin ubansa yana kallon wannan iyakar. Bayan kwana biyu ya sa gwangwani a aljihun ciki ya hau mota zuwa Kano, wurin manyan masu zinare, da littafinsa a hammata. Ya dawo da yamma da gwangwanin yadda ya tafi da shi. Sai daga baya ya ba ni labari. Duk shagon da ya shiga, yana buɗe littafi yana bayanin gashin sarki da shekarar da aka buga, su kuwa sai su ɗauka da yatsu, da yatsu fa, su jefa a sikeli. Wani ma ya goga ɗaya a kan baƙin dutse don ya gwada. Suka ce masa zinare dai zinare ne, sikeli ke magana, mai huji da marar huji duk narkewa za su yi. Ƙasar wajen da ake biyan kuɗin gashi tana nan, ban ce babu ita ba, amma babu motar da ke zuwa can daga Likoro.

Da sara na biyu ya matso, ya ce in shirya mu je Makarfi wurin Sale. A ƙalla shi Sale zai ɗauke su da mutunci. Muka zauna a 'yar rumfarsa, hayaniyar kasuwa ta cika ko'ina. Babanku ya buɗe gwangwani ya riƙa warware audugar ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora su a sikeli da matsefatarsa, a hankali, kamar har yanzu gumin hannu zai iya yi musu wani abu. Kwanon ɗakin baya ya hau sikeli. Keken ɗinkina ya hau. Na ɗauka zan ji daɗi ranar, na daɗe ina jiran ta, amma sai na ga ba na iya kallon hannunsa. Sale ya buga lissafi ya faɗi abin da ya kama. Bai kai kuɗin Garba ba. Saura kaɗan, amma bai kai ba.

Sale ya yi gyaran murya. Idonsa kawai ya kai wuyana ya ɗauke. Ni ma na san lissafin. Na Santambul ya fi sauran nauyi, shi kaɗai zai cike har a samu canji. Ban tsaya jira a tambaye ni ba, fadama nake so. Na kai hannu ƙeya na fara kwance zaren.

"Bar shi," in ji babanku.

Na ce, "Malam, shi zai cika."

"Na ce ki bar shi. Wannan an riga an lalata shi, ba shi da wata daraja."

Sale ya ce, "A'a Malam, ai a sikeli duk ɗaya ne, hujin nan bai rage komai ba."

Babanku ya juya ya kalle shi, irin kallon da yake yi wa manomin da ya zuba taki a kan ganye. Ya ce, "Sale, ni zan gaya maka darajar sisin gwal ko kai za ka gaya mini? Na ce ba na sayarwa ba ne."

Ya tashi ya fita. Na zauna da hannuna a ƙeya kamar wawiya. Shi da bakinsa ya ba ni labarin Kano, ya fi kowa sanin cewa a sikeli duk ɗaya ne. Jim kaɗan ya dawo a ƙasa, da hular kwano a hannu, babu babur. Ya sayar da shi a layin masu babura, babur ɗin da ya kai shi kowane ƙauye na ƙasar Ikara, ya ajiye kuɗin a kan na Sale ya ce a ƙirga. Ya cika, kuɗin fansar fadama ya haɗu. A motar haya muka koma gida, a matse tsakanin buhunan barkono, ina ta masifa har Likoro. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, tsoho da ciwon gwiwa ya sayar da abin hawansa ga zinare a rataye yana zaman banza. Na ce da me zai riƙa zuwa asibiti. Ya kalli taga ya ce ƙafarsa ba ta mutu ba.

Bai ƙara sayen babur ba har ya koma ga Ubangiji. Bai kuma taɓa cewa ya ba ni abin nan ba, ko sau ɗaya, domin bakinsa ba ya iya irin wannan maganar. In ya ga na sa shi zan tafi majami'a sai ya girgiza kai ya ce, "An ɓata abu mai kyau." Ni kuma in ce, "Ai ka ga wuyan da aka ɓata shi a kai." Haka muka yi ta yi. Mangwaron Garba kuwa ban sare shi ba, shi ne wanda 'ya'yanku suke jifa in sun zo hutu.

To, ga amsar tambayarku. Gwangwani yana nan a kan taga, allurai da maɓallai ne a ciki, duk mai so ya zo ya ɗauka. Zinaren babanku yana fadama, kun daɗe kuna shan sa a koko. Ɗayan da ya rage yana wuyana, kuma Talatu, ba sai kin ɗaga katifa ba, da shi nake kwana. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da fadama, Allah ya ba ku hankali. Amma wannan kada wanda ya kai shi sikeli. Babanku ya riga ya faɗi kuɗinsa a gaban shaida a kasuwar Makarfi, ya kuma taka da ƙafarsa shekara da shekaru yana biya.